Alan Turing: Masanin lissafin da ya hango na'ura mai koyi da juyin halitta

Duk inda aka ambaci sunan Alan Turing, abu biyu ne ke fara zuwa zukatan waɗanda suka san shi: fasa asirin saƙonnin sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, da aza harsashin ilimin kwamfuta. Akwai na uku wanda ba a cika faɗa ba. A shekarar 1948, lokacin da kwamfutocin duniya gaba ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ya rubuta cewa ana iya sa na'ura ta lalubo mafitar matsala mai wuya ta irin hanyar da halittu ke gyaruwa daga zuriya zuwa zuriya: a gwada, a ware mafi kyau, a ɗan sauya shi, a sake gwadawa. Da wannan dabara injiniyoyi suka zo suka fitar da siffar eriyar tauraron ɗan'adam da hancin jirgin ƙasa mai tsananin gudu. Shi kuwa bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Rahoton da ya rubuta ya shekara 20 ba a buga shi ba, kuma marubucin ya mutu yana da shekara 41.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Alan Mathison Turing ranar 23 ga Yuni, 1912, a unguwar Maida Vale da ke birnin Landan. Mahaifinsa, Julius Turing, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya ne a Indiya. Mahaifiyarsa, Ethel Sara, 'yar babban injiniyan layin dogo na Madras ce. Da yake aikin uban a can yake, Alan da yayansa John sun tashi ne a hannun riƙo, a gidan wani hafsan soja mai ritaya da matarsa a gaɓar kudancin Ingila, iyayen suna zuwa ganinsu jefi-jefi.

Yana ɗan shekara goma aka ba shi wani littafin kimiyya na yara, wanda Ba'amurke Edwin Tenney Brewster ya rubuta. Littafin yana bayanin yadda mai rai ke girma daga ƙwaya guda, yana kuma kwatanta jikin mutum da inji mai sarƙaƙiya. Waɗannan abubuwa biyu, girman halitta da aikin inji, su ne suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1926 ya shiga makarantar kwana ta Sherborne. Ranar buɗe makaranta ta zo daidai da yajin aikin gama-gari da ya tsayar da jiragen ƙasa a Birtaniya, sai yaron ɗan shekara 13 ya hau keke daga Southampton, ya yi tafiyar kusan mil 60, ya kwana a masauƙi a hanya, ya isa makaranta. Malamansa sun fi ba harshen Latin da adabi muhimmanci, sun sha ƙorafi kan munin rubutunsa da rashin tsaftar littattafansa. A can ya sami aboki, Christopher Morcom, wanda suke tattauna lissafi da ilimin taurari tare. Tarin fuka ya kashe Morcom a watan Fabrairun 1930. Wannan rashi ya girgiza Turing, ya kuma jefa shi cikin tunanin alaƙar da ke tsakanin hankali da ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da shi.

Na'urar da aka ƙera a kan takarda

Ya shiga Kwalejin King's ta Jami'ar Cambridge a 1931, ya kammala digirin lissafi da daraja ta ɗaya a 1934, aka zaɓe shi cikin malaman kwalejin a 1935 yana da shekara 22. A wannan shekara ya ji malaminsa Max Newman yana bayanin wata tambaya da Bajamushen masanin lissafi David Hilbert ya bari: shin akwai tsayayyar hanya, mai bin mataki-mataki, da za ta iya yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi, ta nuna ko ana iya tabbatar da ita ko ba a iyawa?

Don ya amsa, sai da Turing ya fara fayyace abin da ake nufi da hanya mai bin mataki-mataki. Ya ƙaddara wata na'ura mai doguwar takarda da aka raba gida-gida. Na'urar tana karanta alamar da ke gida ɗaya, ta goge ko ta rubuta wata, ta matsa hagu ko dama, duka bisa jadawalin umarni. Ya nuna cewa duk lissafin da magatakarda zai iya yi da alƙalami ta bin ƙa'ida, wannan na'ura za ta iya yin sa. Ya ƙara nuna cewa ana iya samun na'ura guda wadda za ta yi aikin kowace irinta, muddin an rubuta mata jadawalin umarnin a kan takardar. Wannan shi ne asalin tunanin kwamfutar da ke sauya aiki da zarar an sauya mata manhaja. Amsar tambayar Hilbert kuwa ita ce babu irin wannan hanya. Maƙalar ta fito a 1936. Alonzo Church na Jami'ar Princeton a Amurka ya isa ga sakamako iri ɗaya ta wata hanya daban, don haka Turing ya tafi wurinsa, ya sami digirin digirgir a 1938, ya komo gida.

Bletchley Park da darasin bincike

Ranar 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Jamus, Turing ya isa Bletchley Park, cibiyar sirri ta masu fasa saƙonnin abokan gaba. Jamusawa suna rufe saƙonninsu da na'urar Enigma, mai faifai masu juyawa da allon wayoyi da ke musanya haruffa. Hanyoyin saita na'urar sojan ƙasa sun kai kusan lamba 159 da sifili 18 a bayanta, kuma kullum ana sauya saitin. Masanan lissafi uku na Poland, Marian Rejewski da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski, su ne suka fara gano yadda take aiki, suka miƙa wa Birtaniya da Faransa abin da suka sani a watan Yulin 1939.

Turing ya gane cewa gwada saiti ɗaya bayan ɗaya har a ƙare aikin banza ne. Abin yi shi ne a kawar da waɗanda ba za su yiwu ba cikin gaggawa. Masu fasa saƙo kan yi hasashen wasu kalmomin da ke ciki, misali rahoton yanayi da ake aikawa kowace safiya. Enigma kuma tana da rauni: ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa. Daga nan ya tsara na'urar da aka kira Bombe, wadda ke ratsa matsayin faifai 17,576 a kowane jeri, tana watsar da duk wanda ya ci karo da kansa, ta tsaya a kan 'yan kaɗan da suka rage don mutane su duba. Gordon Welchman ya ƙara mata wata dabara da ta ninka ƙarfinta, injiniya Harold Keen ya ƙera ta. Ta farko ta fara aiki a watan Maris na 1940, kuma kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 200.

Shi ne ya jagoranci sashen da ya tunkari saƙonnin sojan ruwan Jamus, waɗanda suka fi wuya, a lokacin da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ke nutsar da jiragen da ke kai wa Birtaniya abinci da makamai. A watan Oktoban 1941, shi da abokan aikinsa uku suka rubuta wa Firaminista Winston Churchill kai tsaye suna kukan ƙarancin ma'aikata, Churchill ya ba da umarnin a biya musu buƙatunsu nan take. An ba Turing lambar girma ta OBE bayan yaƙi, amma ainihin abin da ya yi ya zauna a asirce har tsakiyar shekarun 1970.

Ya fito daga Bletchley da darasi guda: matsala mai wuya sau da yawa tamkar neman abu ne a cikin jeji marar iyaka, kuma gwaninta ita ce sanin inda za a duba da inda za a bari.

Rahoton da aka ajiye

A 1945 ya koma Cibiyar Gwaje-gwajen Kimiyyar Lissafi da Awo ta Ƙasa, wato NPL, a Teddington. A watan Fabrairun 1946 ya gabatar da cikakken tsarin kwamfutar lantarki mai suna ACE. Aikin ƙera ta ya yi ta tafiyar hawainiya, abin ya ishe shi, ya ɗauki hutun shekara guda ya koma Cambridge a 1947. A wannan tsakani yana gudun fanfalaki, har ya taɓa kammala tseren mil 26 cikin awa 2 da minti 46. Sakamakon hutun shi ne rahoto mai taken Intelligent Machinery, wato na'ura mai basira, wanda ya miƙa a 1948.

A ciki ya kwatanta ƙwaƙwalwar jariri da tarin ƙananan sassa da aka haɗa barkatai, waɗanda tarbiyya ce ke tsara su. Ya zana irin wannan na'ura a takarda, ya yi bayanin yadda za a horar da ita da lada da horo. Sannan ya kawo ra'ayin cewa mafi yawan aikin basira bincike ne, ya kasa binciken gida uku: wanda hankalin mutum ɗaya ke yi, wanda al'umma ke yi tare tana gadar wa 'ya'yanta, da kuma na juyin halitta, inda ake neman haɗin ƙwayoyin gado mafi dacewa, ma'aunin kuwa shi ne iya rayuwa. Nasarar wannan na ƙarshe a duniyar halittu ita ce hujjarsa cewa hanyar tana aiki.

Shugaban cibiyar a lokacin shi ne Sir Charles Galton Darwin, jikan Charles Darwin mai littafin asalin jinsunan halittu na 1859. Shi ne ya karanta rahoton, ya ɗauke shi tamkar insha'in ɗan makaranta, ya ga bai cancanci bugawa ba. Jikan mutumin da ya fito da ra'ayin zaɓin yanayi shi ne ya ture ɗaya daga cikin rubuce-rubucen farko da suka nemi a ɗora wannan ra'ayi a kan na'ura. Ba a buga rahoton ba sai 1968.

Turing ya sake taɓo zancen a 1950, a maƙalarsa ta mujallar Mind, wadda ta shahara da gwajin nan na ko na'ura za ta iya hira har a kasa bambanta ta da mutum. A sashen ƙarshe ya ba da shawarar kada a wahalar da kai wajen ƙera hankalin babba, a ƙera na yaro a koyar da shi. Tunda ba za a dace da na'urar kirki tun karon farko ba, sai a gwada ɗaya, a ga yadda take koyo, a sauya ta, a ga ko ta fi ko ta gaza. Ya jera kamanni uku: tsarin na'urar shi ne gado, sauye-sauyen da ake yi mata su ne sauyin bazata da ke aukuwa a ƙwayoyin gado, zaɓin yanayi kuwa shi ne hukuncin mai gwajin. Ya lura cewa zaɓin yanayi hanya ce mai jinkiri, amma mutum na iya hanzarta ta da basirarsa.

Manchester da ƙarshen rayuwa

A 1948 ya koma Jami'ar Manchester, inda Newman ke shugabantar sashen lissafi, ya zama mataimakin daraktan ɗakin kwamfuta. An zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1951. Hankalinsa ya koma kan tambayar ƙuruciyarsa: yaya ƙwai mai siffa ɗaya ta ko'ina ke zama halitta mai zane da gaɓoɓi? A maƙalarsa ta 1952 ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke hulɗa da juna, suna kuma bazuwa da sauri daban-daban, na iya haifar da ɗigo-ɗigo da ratsi-ratsi da kansu. Masana har yau suna amfani da wannan bayani wajen nazarin zanen jikin kifi da dabbobi.

A watan Janairun 1952 aka shiga gidansa aka yi sata. A wajen binciken ya shaida wa 'yan sanda cewa yana da hulɗar jima'i da wani namiji, abin da dokar Birtaniya ta 1885 ta haramta. Kotu ta same shi da laifi ranar 31 ga Maris, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar sinadarin mata na tsawon shekara guda. Ya zaɓi allurar, wadda ta sauya masa jiki. An kuma janye masa izinin taɓa ayyukan sirri na gwamnati.

Ranar 8 ga Yuni, 1954, mai aikin gidansa ta tarar da gawarsa a Wilmslow. Ya mutu ne ranar 7 ga wata sakamakon gubar sayanaid, an ga tuffa da aka ci rabi a gefen gado, ba a kuma gwada ta ba. Binciken hukuma ya yanke cewa shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne, domin yana gwaje-gwaje da wannan sinadari a wani ɗaki na gidan. A 2009 Firaminista Gordon Brown ya nemi gafara a madadin gwamnati, Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a watan Disambar 2013, kuma ranar 23 ga Yuni, 2021, aka fitar da takardar fam 50 mai ɗauke da hotonsa. Babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta, wadda ake bayarwa tun 1966, sunansa take ɗauke da shi.

Yadda dabarar ta isa hannun injiniyoyi

Tunanin da aka rufe a durowar NPL ya tsiro a wasu wurare ta hanyoyin kansu. Nils Barricelli ya fara kiwon halittun lambobi a kwamfutar Princeton a 1953. Alex Fraser ya kwaikwayi gadon halitta a kwamfuta a Ostireliya a 1957. Amma waɗanda suka kai dabarar ɗakin injiniya ɗalibai ne na Jami'ar Fasaha ta Berlin: Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel da Peter Bienert.

A 1964 suka haɗa faranti shida da gaɓoɓi biyar masu lanƙwasuwa, kowace gaɓa tana iya tsayawa a matsayi 51, suka sa a bututun gwajin iska. Siffofin da za a iya samu sun kai 345,025,251. Manufa ita ce a sami siffar da iska ba ta turje mata sosai. Kowa ya san amsar, wato shimfiɗaɗɗen faranti, shi ya sa suka zaɓe ta don jarraba hanyar. Ba su yi amfani da kwamfuta ba. Ƙananan ƙwallaye suke saki su gangaro ta allo mai jerin ƙusoshi, inda suka faɗa shi ke nuna yadda za a motsa kowace gaɓa. In sabuwar siffa ta fi ta da, a riƙe ta. In ta gaza, a koma ta da. Cikin 'yan ɗaruruwan gwaji farantin ya miƙe.

Daga nan suka tunkari matsalolin da ba a san amsarsu ba. A ƙarshen shekarun 1960 Schwefel ya yi aikin bakin feshi na ruwan zafi da ke rikiɗewa tururi, wanda aka harhaɗa da zobban ƙarfe masu faɗi daban-daban. Sauyin bazata da zaɓi suka fitar da siffa mai kumburi da matsewa wadda babu injiniyan da zai zana da hannunsa, ingancin kuma ya tashi daga kusan kashi 55 cikin 100 zuwa kusan 80. A Amurka, Lawrence Fogel da abokansa suka fitar da littafi kan wannan hanya a 1966. John Holland na Jami'ar Michigan ya ba ta ginshiƙin lissafi a 1975, ya kuma ba haɗa iri muhimmanci, wato a ɗauki rabin wannan zane a haɗa da rabin wancan. Ɗalibinsa David Goldberg ya yi amfani da ita a 1983 wajen sarrafa injinan tura gas a dogon bututu.

Tsarin bai bambanta da na manomin da ke ware zangarniya mafi kyau don irin baɗi ba. Ana rubuta kowane zane da jerin lambobi, a tara ɗaruruwa, a auna kowanne da ma'auni ɗaya, a bar nagari su hayayyafa, a jefa ɗan sauyi, a maimaita sau dubbai. Amfaninta ya fi fitowa inda lissafin gargajiya ya gaza, kamar inda abubuwa da yawa ke shafar juna ko inda ake neman biyan buƙatu masu karo da juna. Hukumar NASA ta harba ƙananan taurarin ɗan'adam uku na shirin ST5 a watan Maris na 2006, ɗauke da eriyar da aka samar ta wannan hanya, mai kama da wayar da yaro ya lanƙwasa yana wasa. Da aka sauya hanyar da taurarin za su bi, cikin wata guda aka fitar da sabuwar eriya. A Japan ma an yi amfani da dabarar wajen tsara hancin jirgin ƙasa samfurin N700, wanda ya fara jigila a 2007, don rage ƙarar da yake yi idan ya kutsa ramin dutse.

Hanyar tana da iyaka. Tana cin gwaji masu yawa, ba ta kuma ba da tabbacin cewa abin da aka samu shi ne mafi kyau a duniya. Babban haɗarinta yana wurin da Turing ya nuna tun 1950, wato hukuncin mai gwaji. A 1996 Adrian Thompson na Jami'ar Sussex ya bar wannan dabara ta tsara da'irar lantarki mai bambance sauti biyu. Da'irar ta yi aiki da sassa kaɗan ƙwarai, har wasu da ake gani kamar ba a haɗe suke ba in an cire su sai ta lalace. Amma da zafin ɗaki ya sauya, ko aka mayar da ita wani gefen guntun lantarkin, sai aikinta ya raunana, domin ma'aunin da aka ba ta bai tambayi wannan ba. Abin da aka auna shi ake samu. Shi ya sa a irin wannan aiki injiniya ba ya rasa matsayinsa, nauyinsa ne ke sauya wuri: na'ura ta ɗauki wahalar lalube, shi kuma ya ɗauki alhakin faɗin abin da ake nema, da tabbatar da cewa eriyar ko bututun da ta fitar zai jure zafi da sanyi da tsufa a hannun masu amfani da shi.